Abin da Ke Ƙarƙashin Leda

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannunmu, kuma daga gareji muka zo, don haka in kun ji warin tina a rubutun sai ku yi haƙuri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa rabin awa a bakin tashar Unguwa Uku ya san yadda muke da leda. Mutum zai sayi sabon babur, wata shida yana yawo da ledar kamfani a kan tanki da kujera, ta yage ta yi baƙi tana kaɗawa a iska, amma ba zai cire ba. Direba zai yi lodin Kaduna, fasinjoji suna zamewa a kan ledar kujera suna gumi, in ka yi magana ya ce ai sabuwa ce. A gida ma rimot yana cikin leda. Har mutum muke yabo da ita, a ce amarya sabuwa dal a leda.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya tsani wannan ɗabi'a. Ya fi shekara talatin yana fentin mota a wani fili bayan tasha, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: ledar kamfani an yi ta ne don tafiyar jirgin ruwa, daga can zuwa nan. In ta wuni ta kwana a ranar Kano, gam ɗinta dahuwa yake yi ya kama fenti, ranar da ka zo ɓarewa sai ta bar maka taswira. Sau da yawa mun gan shi da tsumma da kananzir yana goge wa wani tankin babur, yana gogewa yana faɗa. To 'ya'yan wannan mutumin ne muka karɓi aikin liƙa wa mota leda.

Mu uku ya bari a garejin. Yayanmu babba shi ya gaji hannun Baba, yana haɗa kala da ido. Autanmu shi ne ɗan waya, duk abin da aka ƙirƙiro a duniya shi zai fara gani a YouTube ya zo ya dame mu da shi. Na tsakiya kuwa, mai wannan rubutu, shi ke riƙe littafin bashi.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, littafin nan ya fara nauyi. Mutane suka ajiye motoci a gida. Wanda bai ajiye ba, in aka goge masa ƙofa sai ya duba ya ce Allah Ya kyauta, ya ci gaba da tafiya, don wanda ke neman kuɗin mai ba ya tunanin fenti. Dala ta tashi, fenti da tina da samfefa suka bi ta. Zuwa ƙarshen 2024 litar mai ta haye naira dubu, kuma akwai makon da ba mu kunna kwamfuresa ko sau ɗaya ba.

A cikin wannan hali ne, farkon Janairun 2025, wata mota ta shigo filinmu ba mu ji shigowarta ba. Sai da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ta sa muka waiwaya. Baba Alhaji ne, abokin mahaifinmu tun suna samari, ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zuwa Chana sarin kaya. A Gyaɗi-Gyaɗi yake zaune. Motar lantarki ce ya sayo, ƙirar BYD, launinta tsakanin toka da shuɗi, in ka zagayo ta ɗaya gefen sai ka rantse an canza mata kala. Yaran gareji suka yanyame ta, wani ya kwanta yana neman salansa.

Kada ku ɗauka motar lantarki baƙuwa ce gaba ɗaya a Arewa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yana shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya daɗe yana cire wa ƙananan bas inji yana sa musu batir. Amma jin labari daban, ganinta a filinka daban. Baba Alhaji ya riga ya cika rufin gidansa da sola tun bayan duhun da Arewa ta sha a Oktoban 2024, don haka caji bai dame shi ba. Fenti ne ya hana shi barci.

Kuma yana da gaskiya. Ku dubi fuskar motar fetur: rabinta raga ce, saboda lagireto yana son iska. Motar lantarki ba ta da wannan buƙata sosai, shi ya sa fuskarta take a shafe, fenti tun daga bonet har ƙasan bamba. Duk tsakuwar da tifa ta watso a titin Zariya, a kan fenti za ta sauka. Ga 'yan Adaidaita Sahu a shataletalen Dangi, waɗanda suke auna rata da ido, in kan keke ya shiga to sauran jikin ma dole ya shiga. In aka goge Corolla, Ƙofar Ruwa za ka je ka zaɓi bamba a cikin goma. Wannan kuwa sai an saƙo daga Chana. Launin ma Yaya ya zagaya shi sau uku, ya tsuguna, ya miƙe, sannan ya ce shi dai ba zai yi alkawarin haɗa shi daidai ba. A cikin bambar akwai na'urorin da ke gaya wa direba ya kusa taɓa wani abu, kuma fenti mai kauri yana iya rikita su. Ɗakin gasa fenti ma ba a sa irinta a bar ta yadda aka ga dama, saboda batir ba ya son zafi mai yawa.

"A can na ga suna liƙa musu wata fata mai haske kamar ruwa," in ji shi. "An ce akwai masu yi a Abuja. Na ce ina da 'ya'ya a Unguwa Uku, me zai kai ni Abuja? Za ku iya?"

Kafin Yaya ya buɗe baki Auta ya ce, "Za mu iya, Baba."

Gaskiya Auta ya san abin a ka. Shi ya ba mu tarihinta a daren: sojojin Amurka ne suka fara neman ta a shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, saboda yashi da tarkace suna cinye farfelar jiragensu masu saukar ungulu. Kamfanin 3M ya yi musu wata roba mai ƙarfi da ake liƙawa, daga baya masu tseren mota suka ɗauka, daga nan ta shigo motocin gida. Kaurinta kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wato kamar ka haɗa takarda biyu. Abin da ya ba mu mamaki, mu da muke sana'ar, shi ne fentin da kamfani ke yi wa mota, da shafin farko mai kama ƙarfe da launi da shafin sama mai ƙyalli, duka-duka bai cika kai wannan kaurin ba. Mai kyau a cikinta in ta sami ƙaramin karce, zafin rana ko ruwan ɗumi yana sa ta koma ta haɗe. Mai araha kuwa shekara ɗaya biyu ta yi ruwan ɗorawa, araha dai ba ta ado.

Tunda marubuta ne ke karatu, bari mu ɗan ratse. Mun yi musu a kan sunan da za mu kira ta. Auta ya ƙi jinin a ce leda, wai raini ne ga abin da ya fi kwamfuresarmu tsada. Na tsakiya ya kawo "sulken fenti", yana jin daɗin kansa kwana biyu. Umma da aka yi mata bayani ta ce, "Au, zani za ku ɗaura mata?" Yaran gareji ba su halarci taron ba, suka ci gaba da cewa leda, kuma yau ko Auta leda yake cewa. Mun lura kalmar da aka ƙera a kan tebur ba ta cika zuwa bakin titi da ƙafarta ba.

Yaya bai so aikin ba. Dalilinsa na farko, bai taɓa yi ba. Na biyu bai faɗa da ƙarfi ba, amma mun gane: mai fenti yana cin abinci ne daga karce, ga shi an ce ya liƙa abin da zai hana karce. Na tsakiya ne ya buɗe littafi ya nuna masa shafin bashin mai fenti, da kuɗin maganin Umma na hawan jini, da kuɗin makarantar yaransa. Ladan wannan aiki ɗaya ya kai abin da muke samu a wata uku. Yaya ya daɗe yana kallon shafin, ya ce to, amma gaba kawai za a yi: bonet, bamba, fenda biyu, da bayan madubai. Don haka in ana rabon laifi, kada a ɗora wa Auta shi kaɗai. Shi ya ce za mu iya, amma mai littafi ne ya sa aka yarda.

Baba Alhaji ya biya kuɗin kaya gaba ɗaya da rabin lada. Naɗin ledar ya iso daga Legas a motar dare, muka je Sabon Gari muka ɗauko shi kamar jariri.

A bidiyon da muka kalla, ana aikin ne a ɗaki fari tas, ƙasa tana sheƙi, fitilu ta ko'ina, ƙofa a rufe. Mu kuma muna da rumfar kwano, a watan Janairu, a Kano. Kun san hunturun nan da za ka share tabarma ka juya ka tarar an sake shimfiɗa mata ƙura. Muka zagaye rumfar da tamfol, muka yayyafa wa ƙasa ruwa har ta yi laka, muka bari sai bayan isha'i lokacin da motocin tasha suka rage tashin ƙura. Ruwan rijiyarmu yana barin fari-fari in ya bushe, don haka fiya wata muka saya jaka biyar. Muka wanke motar sau uku. Aka zuba 'yan ɗigon sabulun wankan jarirai a kwalbar feshi, shi ne ke sa ledar ta yi ta zamewa a kan fenti har ka daidaita ta, sannan ka bi da ɗan faifan roba kana tura ruwan waje daga tsakiya zuwa baki.

Abin da bidiyo bai gaya mana ba shi ne halin busasshiyar iska. Kun san ƙas-ƙas ɗin nan da rigar sanyi ke yi in ka cire ta da hunturu? Haka ledar ta yi da muka ɓare takardar bayanta, kuma duk ƙurar da ke yawo a rumfar ta taso ta manne a gefen gam. Muka yi ta feshi muna tsincewa da farce a hasken fitilar waya. Bonet ya ci mana awa uku. Bamba kuwa, mai lanƙwasa da ramuka, ta kai mu har kiran assalatu. Manyan masu wannan sana'a na'ura ce ke yanka musu ledar daidai da ƙirar kowace mota kafin a ɗora. Mu da reza muka bi baki muna rage abin da ya yi saura, kuma Auta ne ya riƙe rezar saboda shi ya fi kallon yadda ake yi.

Da gari ya waye muka turo ta rana. Daga nesa, wallahi, ta yi kyau. Daga kusa akwai ƙura a ƙarƙashi, ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero, mun ƙirga sama da ashirin a bonet kaɗai. Wannan mun san za mu iya yi wa Baba Alhaji bayani, ido yana gani, hunturu kuma ba mu muka kawo shi ba.

Sai Yaya ya bi bakin bonet ta wajen gilashi da farcen babban yatsa. Ya tsaya. Ya sake bi. Ya ɗaga bakin ledar kaɗan ya haska. Rezar ta wuce leda ta shiga fenti, layi ɗaya siriri miƙaƙƙe, tsawon taƙi guda, kuma a tsakiyarsa ana hango hasken ƙarfe. Ya mayar da ledar ya danna. Layin ya ɓace, don daidai bakin ledar yake, duk wanda ya gani zai ɗauka iyakarta ce.

Ba wanda ya yi magana. Auta ya zauna a kan taya ya rufe fuska.

A nan ne muke so mu faɗi gaskiya, don da sauƙi mutum ya rubuta kansa a matsayin nagari. Mun yi wuni guda cur muna shawara, kuma ba shawarar yadda za mu gaya masa muke ba. Lissafi muke. Ledar nan ana sa ran ta yi shekaru kafin a cire. Kafin lokacin wa zai tuna? In tsatsa ta fito, damina ce. Rabin ladan da aka ba mu ya riga ya tafi kemis da makaranta. In muka faɗa, dole a ɓare, ledar da aka ɓare kuma ba ta komawa, kuɗinta ya hau kanmu ke nan. Na tsakiya, mai littafi, shi ya fi kowa iya jero waɗannan dalilai, kuma ya jero su da kyau. Har cewa ya yi ai ba ƙarya za mu yi ba, shiru kawai za mu yi.

Yaya bai yi wa'azi ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, ruwan damina zai bi bakin ledar ya kwanta a cikin tsagar, tsatsa ta fara ci ta ƙarƙashin fenti inda ba a gani, kafin ta nuna kanta ta yi faɗin tafin hannu. In an taɓa wurin yanzu, aikin minti talatin ne. In an bari, bonet ɗin gaba ɗaya ne, a launin da ba mai iya haɗawa a garin nan. Sannan ya ce, "Mutumin nan shi ya yi wa Baba wanka." Ya tashi ya tafi masallaci.

Bayan magariba muka tafi Gyaɗi-Gyaɗi mu uku a Adaidaita, muka bar motar a gareji. Muka same shi a ƙofar gida a kan darduma. Bayan gaisuwa Yaya ya ce, "Baba, mun yi maka ɓarna." Ya faɗi komai, bai ambaci wanda ya riƙe reza ba. Auta ne da kansa ya ce, "Ni ne, Baba."

Masu rubuta labari za su so a ce dattijon ya yi murmushi ya ce ya yafe saboda gaskiyarmu. Bai yi ba. Ya yi shiru har muka ji kiran isha'i daga masallacin layin. Sannan ya ce, "Na tambaye ku ko za ku iya. Da kun ce ba ku taɓa yi ba, da na san abin da na saya. Mahaifinku ya sha mayar da ni da mota ya ce wannan ba aikinsa ba ne." Wannan maganar ta fi zagi ciwo, don tsagar ba ita ce ɓarnar farko ba, tun ranar da ya shigo filinmu muka fara.

Ya ce kuɗin ledar bashi ne a kanmu, mu biya yadda za mu iya, ladan da muka ci kuma ya bar wa Umma. Motar za ta tafi Abuja a sake aikin. Amma kafin nan Yaya ya rufe tsagar.

Washegari muka ɓare ledar da ruwan zafi a hankali, muna kallon kuɗi suna naɗewa a ƙasa. Yaya ya zauna da ƙananan gwangwanaye biyar yana ɗiga wannan a kan wancan, yana gwadawa a bayan wani tsohon murfin tanki, yana fita rana yana dawowa inuwa. Ya fi awa biyu. Da ya gamsu sai ya aika yaro ya samo gashin tattabara, ya fere bakinsa, kamar yadda Baba yake yi in karce ya yi siriri da yawa. Da shi ya ja launin a cikin tsagar, ya bari ya sha iska, ya bi da shafin ƙyalli. Wanda ya san wurin zai gani in ya sunkuya. Shi kansa ya ce bai dace ɗari bisa ɗari ba, ta gefen hagu ya fi duhu kaɗan. Ya kuma gargaɗi Baba Alhaji kada a ɗora sabuwar leda sai wurin ya yi wata guda ya bushe sosai, in ba haka ba ranar cirewa za ta taso da gyaran.

Da lokacin tafiya Abuja ya yi, Baba Alhaji ya aiko a ce Auta ya shirya, shi zai raka direba. Ba mu san ko hukunci ne ko gata ba. Ya kwana uku a can yana kallo. Ya dawo yana ba mu labarin ɗaki mai ƙofa biyu, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu, da na'urar yanka, da yadda suke naɗe bakin ledar ta ƙarƙashin bonet don kada reza ta kusanci fenti. Ya ce mai wurin ya ga gyaran Yaya ya tambaya da wane irin buroshi aka yi.

Ragowar naɗin yana nan. Muna yanka shi ƙanana muna liƙa wa 'yan Adaidaita a fitila, da bakin ƙofar motoci inda zobe da makulli ke karcewa, kuma a kan tebur muke yankawa, ba a jikin mota ba. A bayan rumfa mun fara ɗora bulo na ɗaki mai ƙofa biyu. Ya kai taga ya tsaya, don bashin Baba Alhaji ne a gaba, saura biya biyu. Sauran motocin gidansa, waɗanda tun muna yara a filinmu ake musu fenti, har yau ba a sake kawo ko ɗaya ba. Muna ganin motar wani lokaci tana wucewa ta titin Zariya ba ƙara, yakan ɗaga hannu, mu ma mu ɗaga.

Ranar Talatar da ta wuce, wajen la'asar, wayar Auta ta yi ƙara. Baba Alhaji ne. Wani ɗan Adaidaita ya goge masa fenda a Dangi, ledar ta yi fari a wurin amma ba ta yage ba.

"Kai ka ce ruwan zafi yana mayar da ita?"

"In karcen bai yi zurfi ba, Baba. Mai ɗumi sosai, ba tafasasshe ba."

"To ina gida. Ka taho da yayanka ya duba da farcensa tukuna, kafin ka zuba komai."